Birgimar 'Yan Ƙofa

A wani daji mai babbar kasuwa a gindin tsamiyoyi, karnuka ne ke aikin 'yan sanda. Ba don sun fi kowa ƙarfi ba, sai don su ne suka yarda su tsaya a rana lokacin da kowa ke neman inuwa. A cikinsu akwai wata 'yar siririya mai fari a goshi, ana ce mata Ƙyalla. Ba ta da yawan magana. In aka yi mata tambaya sai ta kalli ƙasa tukuna, kamar a can aka ajiye mata amsar. Amma akwai ta da kallo, akwai ta da hanci.

Ranar da aka kawo ta kurtu, tana shan ruwa a bayan wani dutse, sai ta ji Kofur Guntu yana ce wa wani ƙasa-ƙasa, "Wannan hancin nata zai ba mu wahala."

Ɗayan, wani mai dabbare-dabbare da ake kira Wake, ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta, taɓo zai gyara shi."

Ba su san ta ji ba. Ita ma ba ta gane abin da suke nufi ba, amma maganar ta zauna mata. Ko abinci take ci sai ta tuno ta.

Rundunar karnukan nan kashi-kashi ce, kuma kowane kashi yana ganin shi ne ke aikin. Akwai 'yan inuwa, masu kwanciya kusa da Sufeto Kyarkeci, gashinsu na sheƙi, ba su taɓa korar ko ɓera ba, amma su ke faɗin wanda zai tsaya a ina. Akwai 'yan sintiri, masu shiga daji su dawo da ƙarangiya a wutsiya da labarai a baki. Sai 'yan ƙofa, masu tsaron bakin kasuwa, su ne ke shan rana da zagin 'yan kasuwa. 'Yan inuwa na kiransu masu wari, su kuma suna kiran 'yan inuwa amare. Wajen 'yan ƙofa aka tura Ƙyalla.

Warin kuwa yana da dalili. Bayan kasuwa akwai wani kududdufi a gindin gawo, da wani tsohon kututture a bakinsa wanda balbelu suka yi wa fari a kai. Kullum da safe kafin fareti, 'yan ƙofa sai sun shiga kududdufin nan sun yi birgima, tun daga wutsiya har hanci. In an yi faɗa a kasuwa, ko an kama wani, nan ma kafin a je gaban Sufeto sai an koma an sake birgima. In sun fito, sai shugabansu, Saje, ya ce, "Warin wa?" Su amsa baki ɗaya, "Warinmu!" To a dajin da kowa ke gane kowa da hanci, wanda duk kare ya tura ko ya yi wa haushi, abin da zai iya cewa kawai shi ne ɗan ƙofa ne. Wane ne a cikinsu, sai Allah.

Ƙyalla tana yin birgimar kamar kowa. Abu ɗaya ne take yi wanda ba wanda ya lura: in ta zo kan fuska sai ta ɗaga hancinta sama, ta shafa kumatu kawai. Ta ga yadda tsofaffin cikinsu suke. Sai su wuce nama a ƙasa ba su ji shi ba, sai sun taka shi.

Shugaban 'yan ƙofa Saje Duna ne, wani baƙin kare tsoho mai faɗin ƙirji, furfura ta cika masa baki. Shi ya fara kiranta Auta, sunan ya bi ta. In an raba abinci sai ya turo mata ƙashin da ya fi ɓargo, ya ce haƙoransa sun gaji. Kuma ba ƙashi kaɗai ke tsakaninsu ba. Tana sabuwar zuwa aka aike ta bakin rafi, wata kura ta tsare ta a cikin kwari. Kuka ɗaya ta yi, 'yan ƙofa suka bar kasuwa suka zubo. Saje ne ya fara isa, ya shiga tsakaninta da kurar, kurar ta tafi da kunnensa na hagu. Tun daga ranar ba ya ji ta wannan gefen. Da Ƙyalla ta je yi masa godiya, sai ya ce, "Godiyar me? Kunne biyu ma yawa ne, rabin abin da nake ji da su zagi ne."

To amma mai kallo ba ya rasa gani. Ƙyalla ta lura cewa duk inda Saje zai je, Kofur Guntu na manne da kafaɗarsa. In akwai saiwa a hanya, Kofur ya yi tari, Saje ya ɗaga ƙafa. In Saje ya juya zai yi wa wani magana ya fuskanci wani wajen, Kofur ya yi tari, Saje ya gyara. In wani babba ya tunkaro, Wake ya ɗaga murya kamar mai shela, "A'a, ga Malam Kunkuru da kansa!" sai Saje ya ce, "Ai tun daga nesa na hango shi." Kuma kullum bakin Saje na taunar sassaƙen maɗaci, don wani boka ya ce masa yana wanke ido. Ba wanda ya taɓa cewa komai. Wani sabon kurtu ya taɓa tambayar Kofur ko mura yake yi, aka tura shi gadin juji har sai da ya koyi yin shiru.

Ana nan, wata ranar kasuwa da rana tsaka, Jan Biri ya fizge kunshin kanya daga rumfar wata tsohuwar Gada ya zura da gudu. Kasuwa ta kaure da ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Zabi suka tashi sama, awakin daji suka yi ta karo da juna, kowa ya nufi ƙofa. Kofur ya bi birin, a karon farko ya bar kafaɗar Saje. Saje yana tsaye a bakin ƙofa shi kaɗai, ya ga wani abu ja-ja ya taho da gudu, ya yi tsalle ya kama.

Biri ya riga ya haye tsamiya yana cin kanya. Abin da ke kwance a ƙasa 'yar Gadar nan ce, wadda ta biyo ɓarawon don ta ƙwato kayan uwarta. Ƙafarta ta baya ta karye, jini na zuba. Ƙura ta rufe wurin, ba wanda ya ga cizon sai 'yan ƙofa.

Ƙyalla ce ta fara isa kanta. Ta sunkuya don ta lashe ciwon, sai hancinta ya gaya mata abin da ba ta tambaye shi ba. Warin taɓo ne a jikin yarinyar, gaskiya ne. Amma a cikin ramin haƙoran akwai ɗacin maɗaci.

"Auta!" Kofur ne ke kiranta, idonsa ja. "Kududdufi. Yanzu."

"Yaya Kofur, yarinyar tana..."

"Uwarta na zuwa. Wuce mu tafi."

Suka tafi. Suka yi birgima, suka tura wa Saje fuska cikin taɓo har jinin ya ɓace. Wake yana ta surutu, "Kai Saje, ka ga yadda ka cafke shegen birin nan? Sa'a ya ci ya kuɓuce. Ita kuwa yarinyar turmutsutsu ne ya taka ta." Saje ya ci gaba da birgimarsa. Da aka fito ya ce, "Warin wa?" muryarsa ba ta kai ta kullum ba. Suka amsa masa da ƙarfi fiye da kullum.

A hanyar komawa ya rage tafiya har Ƙyalla ta zo daidai kunnensa mai ji. Ya tauna maɗacinsa, ya tauna, sannan ya ce, "Auta, birin nan ƙafarsa siririya ce ƙwarai."

Ya yi shiru yana jira. Ƙyalla ta kalli ƙasa. A haka suka isa ƙofa.

Gada ba ta haƙura ba. Ta kai ƙara majalisar kasuwa, aka sa rana. Gauraka ne ya shugabanci zaman, saboda tukkunsa ya fi na kowa kama da na mai shari'a. Dabbobi suka cika gindin tsamiya, aka jera 'yan ƙofa a gaba, duk sun sha birgimar safe.

Aka ba Gada magana. Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya magana a gaban manya ba. Kanya nake sayarwa, uwata ma ita ta sayar. 'Yata ta bi ɓarawo, aka kawo min ita a kwance. Mai magani ya ce ƙashin zai haɗu amma gudu ya ƙare mata. Na ga ramin haƙora da idona, na kare ne, ba na biri ba, ba na kofato ba. Na tambaye ta wa ya cije ki, ta ce Inna, taɓo na ji. Ni ba fatar kowa nake nema ba. So nake a ce min wane ne, in san gefen da zan riƙa bi da ita in za mu shiga kasuwa."

Sufeto Kyarkeci ya tashi, ya karkaɗe gashinsa, ya ce, "Mai girma shugaba, ba wanda ya kai rundunarmu jin zafin abin da ya sami wannan yarinya. Tun da abin ya faru ban ci abinci da daɗi ba. Amma runduna ba ta aiki da jita-jita. Karnukan nan da kuke gani, su ke tsayuwa a rana ku yi ciniki. Su ke korar kura ku yi barci. In yau aka bar kowace mai kanya ta nuna ɗan ƙofa da kofato ta ce shi ne, gobe wa zai yarda ya tsaya muku? Mu ba mu ɓoye komai. Ga su nan. A shinshina su. In aka sami wanda warinsa ya bambanta, ni da kaina zan kore shi."

Majalisa ta naɗa Gyado, aladen daji, ya yi binciken, shi da ya taso daga nasa kududdufin aka kira shi. Ya bi layin yana shinshinawa, ya je ƙarshe ya dawo, ya tsaya ya yi dogon tunani. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na bincika sosai. Taɓo ne mai kyau. Na gindin gawo ne."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai wata Bushiya daga baya ta ce ai an ga mai fari a goshin nan ta sunkuya kan yarinyar, a tambaye ta. Gauraka ya miƙo wuya.

"Ke ce kika fara isa kanta?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"An ce kina da hanci. Me kika ji?"

Ƙyalla ta kalli ƙasa. A damanta tana jin numfashin Kofur. A hagunta Saje na tsaye, kunnen da ya rage masa ya karkato wajenta, ɗayan gefen kuma dungulmi. Ta ɗago ta ga Gada na kallonta, kallon da ba na fushi ba, irin na mai jiran a miƙo mata ruwa.

"Taɓo na ji, ranka ya daɗe."

Ba ta faɗi abin da bai faru ba. Wannan ne ma ya fi damunta.

Gauraka ya gyara tukku ya yanke hukunci. "Majalisa ta saurari kowa. Majalisa ta gamsu cewa an yi cizo. Majalisa ta kuma gamsu cewa babu wanda ya yi shi. Tunda haka ne, zargin da Gada ta yi ya faɗa kan runduna gaba ɗaya, wannan kuwa ɓata suna ne. Saboda tausayi, an ba ta zuwa kasuwa mai zuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce turmutsutsu ne ya karya 'yarta, ta nemi afuwar 'yan ƙofa. In ta ƙi, ta tattara kanyarta ta bar kasuwar nan. Game da biri kuma, za a kafa kwamiti."

Da aka watse, Wake ya buge ta da kafaɗa. "Ashe Auta ta girma! Yau kin zama 'yar ƙofa ta gaske." Aka ba ta ƙashi mai ɓargo ita kaɗai. Ta kai shi bayan dutse ta binne, ba ta iya ci ba.

Ana jibi kasuwa ta sami kanta a hanyar gidan Gada, ba tare da ta shirya zuwa ba. Gidan a cikin wata sarƙaƙƙiya yake. Tun kafin ta ƙarasa, 'yar Gadar ta jiyo warin taɓo ta fara kuka tana jan jiki da ƙafa uku, tana neman wurin ɓuya. Ƙyalla ta tsaya cak. Ta koma rafi ta yi wanka sosai, abin da ba ta yi ba tun da ta shiga aiki, sannan ta dawo.

"Sannu, Inna. Ya mai jiki?"

Gada ta daɗe tana kallonta. "Da sauƙi. Aiko ki aka yi ki ji ko zan janye?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To ki zauna, in zama ya kawo ki." Ta ci gaba da tsince kanya, tana ware ruɓaɓɓu gefe. "Zan janye. Ina zan je da gurguwa? Wata kasuwar tana bayan rafi, ba za ta iya tsallakawa ba. Zan tsaya in ce turmutsutsu ne, in ba ku haƙuri. Ita kuma tana ji, za ta san uwarta ta faɗi abin da ba haka ba ne a gaban kowa. Wannan ba komai, za mu haɗiye." Ta jefar da wata kanya. "Abin da ke hana ni cin abinci, mai haƙoran nan yana nan a ƙofar. Ran kasuwa 'ya'yan wasu za su wuce ta gabansa. Ke da kike da hanci, ba kya tunanin wannan?"

Ƙyalla ta kalli ƙasa. Wannan karon babu komai a wurin.

Da ta koma bariki, Kofur Guntu ya tare ta tun a hanya. Ya dube ta sama da ƙasa, gashinta fes.

"Wanka kika yi?"

"Na yi."

"Biyo ni."

Ta ɗauka duka za ta sha. Amma juji ya kai ta, can bayan mahauta, inda ungulaye ke taruwa. Ya nuna mata wani abu da haɓa. Wani tsohon kare ne, haƙarƙarinsa a waje, gashinsa ya zube, yana jayayya da ungulu kan wata busasshiyar fata. Ungulun ce ta yi nasara.

"Kin san ko wane ne? Saje Ɓaleri. Shi ya koya wa Saje Duna aiki. Ƙafarsa ta mutu, 'yan inuwa suka ce bai cancanta ba, aka yi masa fareti, aka gode masa, aka cire sunansa daga rabo. Ga inda godiyar ta kawo shi." Kofur ya zauna. "Ke kina ganin birgimar nan don mugunta aka fara ta? Ina ɗan kwikwiyo aka kama wata ƙatuwar kura a kasuwar nan. Wani kare mai suna Tanko Ja ne ya kama ta. 'Yan uwan kurar suka bi warinsa har gida, da rana tsaka yana bakin aiki. Suka tarar da matarsa da 'ya'yansa. Ba zan gaya miki abin da ya tarar ba da ya koma. Majalisa ta yi zama, ta yi ta'aziyya, ta watse. Washegari 'yan ƙofa suka shiga kududdufi. Tun daga ranar ba a sake bin warin kowa zuwa gidansa ba. Ba Sufeto ne ya tsare mu ba, ba majalisa ba. Taɓon nan ne."

"Na yarda, Yaya Kofur."

"To me kike so?"

Ta dubi tsohon karen nan da ke kan juji. Sannan ta ce, "Wancan don kura aka yi shi. Yarinyar nan ba kura ba ce."

Kofur ya kau da kai. "Laifina ne. Ni na bar kafaɗarsa."

"Wata rana ma za ka bari. In wani birin ya zo."

"Ba zan bari ba."

"To wa zai bi birin?"

Ungulu ta wuce ta gabansu da fatar a baki.

Ƙyalla ta ce, a hankali, kamar mai tsoron kalmomin, "Mu da muke raba wari, ba za mu iya raba abinci ba? Kowa ya ɗan rage nasa. Ba sai ya zo juji ba. Ya zauna a inuwa, mu kai masa."

Kofur ya yi wata dariya marar daɗi. "Kina tsammani ba mu yi wannan tunanin ba? Ni zan ba shi rabin nawa gobe-goben nan. Wake ma da kike gani haka. Amma kafin a ciyar da shi a zaune, sai ya yarda ya zauna. Kafin ya zauna, sai wani ya tsaya a gabansa ya tambaye shi. Wa zai yi? Ni da ya ɗauko daga cikin kwata? Wake da ya yi wa aure? Ke da kunnensa ke cikin kura saboda ke?" Ya miƙe ya karkaɗe jiki. "Jibi ki yi birgima kamar kowa, Auta. Ki sa hancin ma. Wallahi za ki ji sauƙi, mu duka haka muka samu sauƙi."

Ranar kasuwa ta zo. Rana ta fito, 'yan kasuwa sun fara shigo da kaya. Daga bakin kududdufi ana hango ƙofar, kuma ana hango Gada tsaye a gefenta ta yi shiri, 'yarta na jingine da ita da ƙafa uku, suna jiran Gauraka ya iso. Zabi na wucewa da 'ya'yansu a jere.

'Yan ƙofa suka shiga taɓo. Wake na waƙa, yana watsa wa na kusa da shi. Saje ya yi tasa birgimar a hankali, irin ta tsofaffi, ya miƙe taɓo na ɗiga daga kunnensa. Ƙyalla ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ruwan, ɗan nesa da kututturen, ta gefen Saje na hagu.

"Auta, amarya kika koma ne?" in ji Wake. "Ko 'yan inuwa sun yi miki tayi?"

Aka yi dariya. Ba ta motsa ba. Dariyar ta mutu da kanta.

Saje ya ce, "Warin wa?"

Suka amsa, amma ya san muryoyinsu kamar yadda ya san haƙoransa. "Akwai wadda ban ji ba. Auta, kina ina? Shigo mana, 'yata, rana na yi."

Ƙyalla ta tuna kwarin nan, da warin kura, da baƙin ƙirjin da ya shiga tsakani. Ta tuna ƙafar da ya ce siririya ce, da yadda ya tsaya yana jira, ita kuma ta bar shi da jiran. Ta so ta kalli ƙasa. Ta ƙi.

"Baba Saje."

"Na'am."

"Tun yaushe ka daina gani?"

Birgima ta tsaya cak. Har ɗigar taɓo ana ji. Wake ya buɗe baki zai kawo wani abin dariya, bai samu ba.

Saje Duna ya fito daga ruwan da mutuncinsa duka. Ya juyo a hankali, ya tako har gaban kututturen mai fari a kai, ya tsaya ya dube shi ido cikin ido. Kofur Guntu ya ja numfashi, maƙogwaronsa ya motsa. Ya kalli Ƙyalla, ya kalli ƙofar kasuwa inda 'ya'yan zabi ke wucewa, ya sunkuyar da kai.

Saje ya ce wa kututturen, "Ke yarinya, wa ya gaya miki ba na gani?"

Ba wanda ya yi tari.